Kura da shan bugu: wa ke sa hannu kan yaƙi, wa ke biyan kuɗinshi?

Yau maganar da zan yi ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da nake samu a gidan rediyo, shi ya sa na kawo ta nan. Ra'ayina ne ni kaɗai, kada a ɗora ma wurin aikina.

Ni ba ni goyon bayan yaƙin da wata gwamnati ke kai ma wata ƙasa da sunan gyara ta, ko wace gwamnati ce. Kuma ban yarda mai bindiga ya fi mai hauya sanin abin da ya dace da ƙasa ba. Bari in faɗi dalilaina, daga nan gida.

Duk wanda ya tashi a yankin nan ya ji labarin abin da ya faru da Birnin Konni a watan Mayu na 1899. Rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda anka turo zuwa tafkin Cadi, ta afka ma garin, ta ƙone shi, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Kafin nan sun yi artabu da Sarauniya Mangu a Lugu. A Paris, a takarda, sunan tahiyar “mission”. Mutanen Konni ba su san Paris ba, babu wanda ya shawarce su, kawai sun wayi gari da wuta. A lakkol layi biyu zuwa uku munka karanta kan wanga al'amari, sauran daga bakin tsofaffi munka ji shi. Bayan nan ne Faransa da Ingila sunka zauna sunka ja layin da ya raba Konni da Sakkwato, ya bar kawu a can, ɗan ƙanwarshi a nan. Har yau Illela biyu gare mu, tamu ta jihar Tawa da ta jihar Sakkwato, wadda ɗan kabu-kabu ke kai ka daga Konni kafin shayi ya huce.

Mu matso kusa. A 2011 ƙungiyar OTAN ta yi ruwan bama-bamai a Libiya da sunan kare farar hula. Kaddafi ya faɗi, rumbunan makamai sunka buɗe. 'Yan'uwanmu da ke aiki can sunka dawo hannu rabbana, gidaje da yawa a Adar da ke jiran aike sunka shiga wani hali. A 2012 arewacin Mali ya kama da wuta. A 2013 Faransa ta kawo Serval, a 2014 Barkhane. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Aka ce mu kwantar da hankali, ga manya sun zo. Duk da haka a Disamba 2019 munka rasa soji 71 a Inates, a Janairu 2020 soji 89 a Shinagodar. Ran 21 ga Maris 2021, nan cikin jiharmu, a ƙauyukan Tiliya, an kashe farar hula 137 a yini guda. A Nuwamba na wannan shekarar, a Tera, matasa sunka tare ayarin sojin Faransa, anka harbe uku daga cikinsu. A 2020 kuma binciken da anka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna biliyoyin sefa sun bi iska wajen sayen makamai. Yaro ya mutu a daji da bindiga mai cijewa, wani ya ɗaga bene a Yamai.

Sai 26 ga Yuli 2023. Soji sunka tsare shugaba Bazum, Janar Tiani ya karɓi mulki. Ran 30 ga wata CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda, ta rufe iyakoki, ta ce in ba a mai da shi ba za ta zo da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar da ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasa. Ran 10 ga Agusta a Abuja anka ba da umarnin shirya runduna.

Ku da kuke nan ba sai na ba ku labari ba. Kamiyo sun yi layi a bakin iyaka, kaya na lalacewa. Mai albasar Galmi ya rasa hanyar kasuwa. Kasuwar Laraba ta Konni da ta Lahadi ta Illelar can sun yi sanyi. Shinkafa ta hau, magani ya yi wuya. A shirin da nake buɗe layi, makonnin nan tambaya guda ce ke ta dawowa: “Malam, in an fara, ta ina za su shigo?” Kowa ya san amsar. Daga Sakkwato zuwa Konni bai kai kilomita 100 ba, kuma babbar hanyar ƙasa ta ratsa ta tsakiyar gari. Wata baiwar Allah ta kira ta ce ɗanta soja ne a nan, ɗan yayarta kuma soja ne a can, wa za ta yi ma addu'ar nasara? Na yi shiru, na sa kiɗa.

Takunkumin nan an ce don a matsa ma waɗanda sunka yi juyin mulki ne. To waɗannan suna da janareto, suna da likitansu. Wanda ya sha matsi shi ne mai sai da ƙanƙara, da tela, da mai walda, da mai haihuwa cikin duhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka ya faru a 2019 lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyaka fiye da shekara guda: babban ɗan kasuwa ya san wanda zai kira, ƙarami ya bi hanyar daji yana biyan kowane shinge.

Mu tuna kuma waɗanda sunka tsaya a gaban yaƙin. Sanatocin arewacin Najeriya sun fito sun ce ba su yarda ba, ran 5 ga Agusta majalisar dattawansu ta ƙi amincewa da zaɓin soja. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya zo Yamai tare da Janar Abdulsalami. Sarki Sanusi na Kano ya zo ya ga Tiani. Tawagar malamai ƙarƙashin Shaihi Bala Lau ta zo. Bayansu akwai talakawan Kano da Katsina da Sakkwato da sunka yi ta faɗa a masallatai da gidajen rediyo cewa ba za a yaƙi dangi da sunansu ba. Zumunta ce ta riƙe hannun mai bindiga. An ɗage takunkumi ran 24 ga Fabrairu 2024, iyaka ta buɗe a watan Maris, bayan wata bakwai da 'yan kai na wahalar da ba ta mai da kowa kan kujera ba.

Yanzu ga inda wasunku za su ji haushina. Ƙin yaƙin CEDEAO bai sa ni tafa ma mulkin soja ba. Wanga shi ne juyin mulki na biyar a ƙasarmu: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Kowane da jawabin ceto ƙasa ya zo. Sojin Faransa sun fita a Disamba 2023, na Amurka a 2024, kuma ni ban yi kukan tahiyarsu ba. Amma a 2024 munka ga sojin Rasha sun sauka a Yamai, kuma wannan karon ma babu wanda ya tambayi manomin Badagishiri ko makiyayin Tajaye. A Maris 2025 an rusa jam'iyyu, an ba da wa'adin shekara biyar da za a iya ƙarawa. An kama Musa Cangari, ɗan farar hula da ya daɗe yana sukar sansanonin baƙi, a Disamba 2024. In wanda ya riga kowa cewa baƙi su fita ba shi da damar magana, to 'yancin nan na wa ne? Mu masu aiki da makirfo mun san yadda mutum ke tauna kalma sau uku kafin ya furta.

Kuma kada a ce matsalar ta baƙi ce kaɗai. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, Disamba 2023, jirgin sojin ƙasarsu ne ya jefa bam kan masu mauludi, fiye da 80 sunka rasu. A Silame ta jihar Sakkwato, Disamba 2024, an sake yin irinta ga ƙauyawa ana neman Lakurawa. Daga sama, rawani da rawani duk ɗaya ne.

Na san abin da za a ce: to 'yan bindiga fa, da sanda za mu tare su? Tambaya ce ta gaskiya. 'Yan ta'adda da masu satar mutane suna nan, kuma yaranmu da ke cikin kaki suna ba da ransu, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Ba da su nake ba. Da masu yanke shawara nake, waɗanda ba a iya tambayarsu nawa anka kashe, wa ya ci kwangila, wa zai biya diyyar wanda anka kashe bisa kuskure. Fiye da shekara goma ana zuba makamai, wuta na ƙara faɗi. Inda babu rijiya, babu lakkol, babu alƙalin da zai raba manomi da makiyayi da gaskiya, nan ne mai bindiga ke samun yaran ɗauka.

A lise, a darasin filo, mushe ya taɓa gaya muna akwai masu ra'ayin da ake kira anarshis, irin su Proudhon da Bakunin, masu ganin jama'a na iya tafiyar da kansu ba tare da wani a bisa kansu da bulala ba. Ni ban ce a rushe komai ba, ina son asibiti da hanya kamar kowa. Sai dai in na duba ƙauyenmu, gayya ke nome gonar mara lahiya, adashe ke aurar da ɗiya, kuɗin 'yan biɗa ke gina masallaci da aji, dattawa ke sasanta rikicin burtali. Mafi yawan abin da ke riƙe da mu, mu ke yin shi da kanmu. Mutanen da ke iya wannan sun cancanci a tambaye su kafin a kai su yaƙi ko a kawo musu shi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In kun ji ana buga gangar yaƙi a WhatsApp, ko da wace tuta, ku tambayi mai turowa ko ɗanshi zai tahi. Ku ci gaba da zuwa biki da ta'aziyya a tsallaken iyaka. Wanda bai yarda da ni ba ya rubuto a ƙasa, ko ya kira a shiri, zan karanta ko da zagi ne, in dai babu ashar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lahiya. Amin.