Makullin da Muka Manta Mu Buɗe

Karatu: Matiyu 5:21-26, Ezekiyel 36:24-28



Duk wanda ya taɓa yin sujada tare da mu a nan Jibiya ya san tsohon kibod ɗinmu. Yamaha DX7 ne, samfurin da aka fara fitarwa a 1983, wato ya girmi kowa a zumuntar matasa. Kyauta ce daga 'yan'uwa na wata ikkilisiya a Maraɗi. A bayan mota ya biyo ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka a Magama, ya iso gare mu.

Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyakar. Tireloli suka yi layi a Magama. Masu dako da 'yan acaɓa da masu sayar da abinci a cikinmu suka rasa abin yi. Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. A zauren WhatsApp da muke tare da matasan Maraɗi gardama ta tashi, kowa na kare ƙasarsa. Mun faɗi maganganun da bai kamata su fito daga bakin mai bi ba. Daga ƙarshe muka fice daga zauren, muna ganin mu ne da gaskiya.

Ana saura mako biyar Kirsimeti, muka kunna kibod domin koyon waƙa, sai ƙara marar daɗi. Sunayen muryoyin ma sun zama tarkacen haruffa. Wani mai gyaran rediyo a Katsina ya bayyana mana dalili: muryoyi 32 da ke cikinsa, ƙaramin batir mai kamar kwabo ne yake riƙe da su, kuma ya mutu. Ya sa sabo, amma abin da ya goge ya riga ya goge. Kuɗin sabon kibod kuwa, baikon shekara guda ba zai saye shi ba.

Mun gwada gyarawa da hannu. Kowace murya tana da saiti sama da 100, ga allon ɗan ƙarami ne mai layi biyu, saiti ɗaya kake gani a lokaci guda. Dare uku muka yi, ba mu samu ko murya ɗaya mai daɗin ji ba.

Dukanmu mun san inda maganin yake. Wani ɗan'uwa a Maraɗi ya kwafe muryoyin a kwamfutarsa kafin a ba mu kibod ɗin. Shi ne kuwa wanda muka fi gaya wa magana. Muka yi ta kewaye-kewaye, har wani dattijon ikkilisiya ya same mu bayan addu'ar Laraba ya ce, "Yarana, kuna so ku raira waƙar salama ranar Kirsimeti alhali kuna gaba da 'yan'uwanku? Wane ne zai karɓe ta?"

Muka ce, "Baba, su ne fa suka fara."

Ya ce, "Ku karanta Matiyu sura biyar, ku dawo ku nuna mini inda aka tambayi wanda ya fara."

Muka karanta. Ubangiji Yesu ya sa sulhu da ɗan'uwa a gaban miƙa baiko, kuma mai baikon ne zai tashi ya je. A daren muka aika saƙon neman gafara. Sai washegari amsa ta zo, domin babu wuta a unguwarsu, wayarsa ta mutu. Bai yi mana gori ba. Ya ce shi ma a yafe masa, ya turo fayil ɗin, wanda bai kai ko nauyin hoto ɗaya ba. Mota ba ta iya wuce Magama, amma muryoyin sun wuce.

Ya koya mana aiki da Dexed, manhaja ce ta kyauta da take kwaikwayon DX7. Muka ari kwamfuta, muka haɗa ta da kibod ta wayar MIDI. Abin da yake ɓoye a ɗan allon nan ya fito fili: injinan sauti guda shida da suke haɗuwa su ba da murya ɗaya, duk a shafi guda. In ka taɓa saiti a kwamfuta, nan take za ka ji canjin a kibod.

Amma da muka tura muryoyin 32, ya ƙi karɓa. Muka sake, ya ƙi. Muka zargi wayar, muka zargi mai gyara. Ɗan'uwan ya yi dariya ya ce, "Kun buɗe makullin ajiya?" Ashe kibod ɗin yana da kariya da take hana a rubuta sabon abu a cikinsa, kuma duk lokacin da aka kashe aka kunna, sai ta sake kulle kanta. Muka buɗe, cikin daƙiƙa kaɗan komai ya shiga.

Ba wanda ya ce uffan, gama kowa ya gane. Wata huɗu muna jin wa'azi, muna cewa amin, amma babu abin da ya zauna a cikinmu. Ta bakin Ezekiyel Allah ya yi alkawarin sabonta zuciya mai tauri. Shi ba ya jefar da tsohon kaya. Amma riƙo makulli ne, kuma kamar na kibod ɗin, kowace safiya za ka tarar ya koma.

Mun rage kaifin muryar piyano domin kada ta danne zumuntar mata, muka sa mata suna MAGAMA. Da ita muka yi Kirsimeti. Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, ɗan'uwan ya zo ya kaɗa ta da hannunsa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wa ka daina gaisarwa? Lambar wa kika toshe? Kada mu jira sai wani abu namu ya lalace, kamar yadda muka yi.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana taurin zuciya. Ka ba mu tawali'un da za mu fara zuwa wurin ɗan'uwa, ka buɗe mu yau domin Maganarka ta zauna a cikinmu. Ka ba Najeriya da Nijar salama. Cikin sunan Yesu, amin.