Ni da Cikina: Darasin da Na Koya Wajen Sayen Furobayotik

Ranar da muka rubuta lissafi a jarabawar WAEC, sau uku ina ɗaga hannu ina neman izinin zagayawa. A karo na uku, mai sa ido ta bi ni da kallon wadda ta ɓoye takardar satar amsa a bayan gida. Ba ta san cikina ne ke murɗawa kamar ana matse wanki ba.

Tun ina aji biyar na sakandare abin ya fara. Yau gudawa, gobe ciki ya ƙulle, jibi ya kumbura har siket ya matse ni. Umma ta ce olsa ce, maƙwabtanmu a Kakuri suka ce taifot. Mai kemis kuwa duk zuwan da na yi sai ya haɗo mini magungunan kashe ƙwayoyin cuta. In sha, in ɗan lafa, ciwo ya dawo.

Da na shiga jami'a sai abin ya zama fargaba. Makarantarmu tana tsallaken kogin Kaduna, kullum da safe sai na hau bas na ƙetare gada. Idan cunkoso ya riƙe mu, addu'ata ɗaya ce: kada cikina ya motsa. Har karin kumallo na daina.

Daga ƙarshe Yaya ya kai ni asibiti. Aka gwada jini da bayan gida, ba a ga komai ba. Likitar ta yi mini tambayoyi masu yawa, sannan ta ce, "'Yata, wannan lalura ita muke kira IBS. Hanjinki ba shi da rauni, saurin harzuƙa gare shi." Ta ce hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo, shi ya sa damuwa da rashin barci ke tayar da ciwon. Ta ƙara da cewa magungunan da na yi ta sha ba su bambanta mugu da nagari, har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji suke kashewa.

Bayan mako guda na ga talla a WhatsApp: furobayotik, wato ƙwayoyin halitta masu rai da ake sha don su taimaki hanji. Mai tallar ta ce kwana uku ya isa. Ban tambayi kowa ba, na tura mata kuɗin motata na mako biyu. Na ajiye kwalbar a bakin taga cikin zafin watan Maris, na sha kwana biyar, ban ga canji ba, na watsar.

Da na koma na faɗa wa likita, murmushi ta yi. Ga abin da ta koya mini.

Na farko, furobayotik ba iri ɗaya ba ne. A duba jikin kwalin a ga sunan ƙwayar, kamar Lactobacillus ko Bifidobacterium, da adadinta. Kwalin da bai faɗi abin da ke cikinsa ba, a bar shi a kanta.

Na biyu, a nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Na uku, abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. Wasu sai a firji suke zama. Mu da wutar lantarki ke mana zuwan baƙo, gara mu zaɓi wanda aka rubuta cewa ba ya buƙatar sanyi, mu kuma nisanta shi da rana.

Na huɗu, a gwada guda ɗaya tak, a sha yadda aka rubuta na aƙalla mako 4, ana rubuta abin da aka gani. In bai yi amfani ba, a daina. Wani yana jin sauƙi, wani ba ya ji, kuma ba ya raba mutum da lalurar gaba ɗaya.

Na tambaye ta batun kindirmo. Ta ce akwai irin waɗannan ƙwayoyi a cikinsa, amma a kula da tsabtarsa, kuma wasu masu IBS kayan madara ba sa karɓar su.

Na sayi ƙaramin littafi, na riƙa rubuta abin da na ci da yadda na kwana. Abin mamaki, littafin ya fi kwalbar yi mini aiki. Shi ya tona asirin ƙosai, da wake, da ɗanyar albasa, da karatun dare har ƙarfe biyu. Kumburin ya ragu sosai. Murɗawar kuwa takan leƙo idan jarabawa ta matso, amma yanzu na san ta, ba ta firgita ni.

Ƙannena, in cikinku ya daɗe yana damun ku, kada kunya ta sa ku yi shiru, domin mai ɓoye ciwo shi ke shan wuya. Ku faɗa wa iyayenku a je asibiti kafin a sayi komai. Idan kuwa akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko ciwon da ke tashe ku daga barci, wannan ba maganar furobayotik ba ce, ku ga likita ba tare da jinkiri ba. Ni shekara uku na ɓata kafin na gane haka.