Hoton 'Yar Dakoro

Da yawanku ta littattafan soyayya kuka san ni, waɗanda kuma suka san ni ido da ido sun san ni Kirista ce, Bahaushiya haifaffiyar Kano. A wannan karon ba ƙagaggen labari na zo maku da shi ba. Wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga idan ban amayar da shi a takarda ba, ba zai bar ni na runtsa ba.

A watan Nuwamba na shekarar 2018 ne Zumuntar Matan cocinmu ta shirya tafiyar bishara zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Mu 14 ne, tafiyar kwana 9. Wata uku muka yi muna tara baiko, muka ɗinka anko, muka sayi turamen atamfa da katan-katan na sabulu da man shafawa. Ranar Lahadin da za a sallame mu aka fito da mu gaban jama'a aka yi mana addu'a, wasu tsofaffi har da hawaye, sai ka ce bangon duniya za mu. Ni kuwa a lokacin kaina ya kumbura, domin kuwa ban taɓa ƙetare iyaka ba, ga shi za a ce ni ma na fita ƙasar waje aikin Ubangiji.

Ƙasar wajen kuwa, kafin la'asar mun isa. Daga Kano muka bi Katsina, muka wuce Jibiya, jandarmomi suka duba takardunmu a Ɗan Isa, shi ke nan sai ga mu a Maraɗi. Hausa a tasha, Hausa a kasuwa, sai dai su ce "mi" inda muke cewa "me", makaranta kuma su ce lakwal. Abin da ya fi ruɗa mu lissafin kuɗi ne. Wata daga cikinmu ta taya ƙuli-ƙuli aka ce mata dala ashirin, ta dafe ƙirji ta yi baya, ita a zatonta dalar Amurka ake nufi, ashe sefa 100 ce kacal, don su dala ɗaya sefa 5 ce. Mun yi kwana biyu muna tsokanarta.

A gidan wani fasto aka sauke mu. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, dattijuwa ce mai ƙarancin magana. Ita ta bar mana ɗakinta, 'ya'yanta suka koma kwana a rumfa, kullum kuma tun asuba tana gindin murhu tana dafa abincin mutum 14 da ba ta saba da shi ba. Sai da na dawo gida na yi lissafi na ga abin da muka ci mata ya kusa kai abin da muka bar mata.

Mun zo da lasifika mai batir da niyyar mu tsaya bakin kasuwa mu yi waƙa da wa'azi. Da Mama ta ga ana gwada ta a tsakar gida, sai ta ajiye muciya ta ce, "'Ya'yana, ku zauna mu yi magana." Ta tuna mana da watan Janairu na 2015, lokacin da zanga-zangar da ta biyo bayan zanen wata jaridar Faransa ta kai ga ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai. Ta ce su a unguwarsu maƙwabtansu Musulmi ne suka riƙa leƙo su suna kwantar masu da hankali, kuma wannan zaman ba a rana ɗaya aka gina shi ba, shekaru ne na barkar haihuwa da gaisuwar mutuwa da aron gishiri. Sannan ta ce, "Ku jibi-jibi za ku hau mota. Mu nan za mu kwana."

Gaskiya ranar na ji haushinta. A raina na ce tsoro ne kawai ya ci wa tsohuwa zuciya. Lasifikar dai haka ta koma cikin kwalinta, ba ta sake fitowa ba sai a Kano.

Rana ta biyar aka kai mu Danja, wani ƙauye kusa da Maraɗi. A nan akwai asibitin da 'yan mishan na SIM suka kafa tun 1956 domin masu ciwon kuturta, a 2012 kuma aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi mana bayani kafin mu shiga. Ta ce yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi: mace ta kwana biyu ko uku tana abu ɗaya a gida, kan jariri ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Daga nan fitsari ba dare ba rana, wari ya kore miji, ya kore ƙawaye, wata har kwanon cin abincinta sai an ware. Aiki ake yi a ɗinke wurin, a bar mata roba kamar mako biyu tana shan ruwa da yawa, in Allah ya sa an dace ta tashi a bushe. Ta kuma gargaɗe mu da babbar murya cewa kada wadda ta ɗauki hoton kowa sai da izininta.

A nan ne kunya ta fara kama ni, mai karatu. Irin waɗannan matan akwai su a asibitin Murtala cikin Kano, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ke tsakanina da su, akwai su a Babbar Ruga ta Katsina, garin da muka ratsa muna waƙa. Ban taɓa leƙa ko ɗaya ba. Sai da aka ɗinka mini anko aka kira abin tafiya sannan na gan su.

Muka raba atamfa da sabulu, muka yi waƙa biyu. Ni aka ba karatu, na karanta labarin matar nan da ta shekara 12 tana zubar da jini har ta taɓa rigar Yesu ta warke. Kusan dukkansu Musulmi ne, suka saurara cikin natsuwa, da muka yi addu'a suka shafa suka ce amin. Babu wadda ta ce ta karɓi wani abu, ko da yake a rahoton da muka kai gida an rubuta cewa zukata da yawa sun taɓu. Ni na rubuta wannan layin da hannuna.

Bayan an watse ne wata yarinya ta jawo gefen zanena. Ba za ta wuce shekara 19 ba, siririya, mai wushirya. Ba zan faɗi sunanta ba, zan kira ta 'Yar Dakoro don daga wani ƙauye na wajen can ta zo. Kwana uku ke nan da cire mata roba, kuma tabarmarta a bushe. Muka zauna gindin bishiya, ban ko tambaye ta ba ta shiga ba ni labari: aurenta, kwana ukun da ta yi tana naƙuda, amalanken shanun da aka ɗauko ta a kai, ɗan da ba ta ga fuskarsa ba, da shekara huɗun da ta yi a wata bukka bayan gidan babanta. Akwai abin da ta faɗa mini game da mijinta wanda ta ce ko innarta ba ta sani ba. Ina jin don ta san baƙuwa ce ni, gobe ba za ta gan ni ba, shi ya sa bakinta ya buɗe.

Can sai ta tashi ta shiga ciki, ta fito ɗaure da sabuwar atamfar da muka ba ta, ko wanki ba ta sha ba. Ta ce, "Yaya, ɗauke ni hoto." Na ɗauka, na nuna mata a waya. Ta daɗe tana kallo tana rufe baki. Ta ce, "Yaya, in kin koma gida ki wanko mani shi ki aiko. Ina so in tuna ranar da na tsaya ba abin da ke bin ƙafata." Ta sa aka rubuta mini lambar wayar wanta a bayan takardar magani. Na ce mata kafin Kirsimeti zai iso ta. Har da cewa na yi alkawari.

Hoton kuwa na wanke shi, makon da muka dawo ma. Sai dai ba ita na wanke wa ba. A allon sanarwar coci aka manna shi tare da sauran hotunan tafiya, ya yi wata biyu jama'a na tsayawa suna kallo suna cewa Allah sarki. Izinin da ta ba ni na ɗauka ne, ba na mannawa ba. Ni kuma na tsaya gaban ikilisiya na ba da shaida, aka tafa mini.

Bai tsaya nan ba. Littafina na uku, wanda a cikin littattafaina duka ya fi kasuwa, labarinta ne. Na canja suna, na mayar da ƙauyen cikin Najeriya, na ƙara wani saurayi likita da zai aure ta a ƙarshe don na san abin da masu karatu ke so. Amma amalanken nan nata ne, bukkar tata ce, har maganar mijin da ta ce innarta ba ta sani ba, tana nan a babi na shida. Mai zanen bango ma hoton na tura masa ya kalla. Da cinikin littafin nan na biya kuɗin haya na shekara guda.

In kun tambaye ni dalilin da ban aika ba, ina da amsoshi masu kyau. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Ga korona. Ga 'yan bindiga da suka addabi yankin Jibiya. A Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum aka sake rufe iyaka har cikin 2024. Duk gaskiya ne. To amma tsakanin dawowarmu da rufewar farko wata tara ne cur, kuma kullum ta Allah motar Maraɗi na tashi daga Kano. Ambulan guda ne da ɗan abin goro na direba. Abin da ya faru shi ne na riga na sami duk abin da nake so daga tafiyar, ita kuma 'Yar Dakoro ta koma labari. Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na ci, na kuma lashe hannu, aska kuwa ko wasa ta ban yi ba.

Ba ina cewa a daina zuwa ba ne. Atamfar nan ta ɗauru a jikin mutum, kuma Mama da kanta ta ce zuwanmu ya sa sun ji ba a manta da su ba. Amma yanzu in aka yi sanarwar wata tafiyar a coci, na kan tambaya waye zai dafa mana abinci da kuɗin wa, waye kuma aka ɗora wa komawa bayan wata shida. Wasu na ganin na cika tsirfa. Lasifikar nan kuma na daina jin haushin Mama a kanta tun tuni, har na kira ta na gaya mata, ta yi dariya ta ce ita ta ma manta.

Watan jiya ina neman takardar haihuwar ɗana a cikin akwati sai ga takardar maganin nan, ta yi ja, lambar tana nan. Na sa kati na kira. Wata murya ta yi magana da Faransanci, na ba maƙwabcinmu mai gadi, mutumin Tawa, ya saurara, ya ce cewa ake layin ba ya aiki. Na sake kiran Mama. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma akwai wata mata 'yar cocinsu da ke zuwa cin kasuwar Dakoro, in akwai sunan ƙauye da sunan uba za a gwada. Ina da su duka biyun, ashe suna cikin littafin da na yi rubutun tafiya.

Na je na wanke hoton babba, aka sa masa gilashi. Na ɗauko kwafi ɗaya na littafin da nufin na haɗa mata, na zauna da shi a cinya har aka kira magariba a masallacin layinmu. Ba ta yi lakwal ba, wani ne zai karanta mata, watakila wan nata, watakila a gaban innar, kuma zai kai babi na shida. Na ɗauki kuɗi gwargwadon abin da zan iya, aka canja mini su zuwa sefa, na naɗe cikin takarda na sa a bayan gilashin. Na rubuta cewa daga Yayarta ta Kano ne, ta yi haƙuri da jinkiri, kuma akwai wata magana da nake so na faɗa mata da bakina in an sami lambar da ke shiga.

Ranar Talata na kai tasha na danƙa wa direba, na ba shi lambar Mama. Littafin yana nan cikin jakata.