Farfelar da ta tsayar da mu a Sawakin

Dutsen murjani ne ya lanƙwasa farfelar jirginmu mai tafiya da iska a mashigin Sawakin, tsohuwar tashar Bahar Maliya inda kakanninmu mahajjata kan tsallaka zuwa Jidda. Mashigin siriri ne, sai da inji ake fita lafiya. Muka samo wata farfelar a Port Sudan, wajen kilomita 60 arewa. Makaniki ya nutsa, ya zura ta a sandar inji, ya ɗaure noti, ya soka fil. Ana sa giyar gaba, jirgi ya ja da baya! Ashe mai juyin hagu ce, tamu kuwa ta dama. Muka ƙara kwana huɗu muna shan gahawa a gindin kangayen murjani. Mai saye, fara tambayar ɓangaren juyi.