Littattafan Malam a Jikin Bargo

Ɗarin Agadas ba wasa ba ne. Daga watan Disamba zuwa Janairu, da rana ta faɗi sai iska ta taso daga hamada, ta shiga har cikin ƙashi. A kan duwatsun Abzin, wajen Bagzan, wata shekara har ruwa yakan daskare da dare. Saboda haka bargo dukiya ne a wannan ƙasa. Mai kuɗi ya saya a kasuwa. Marar kuɗi ya haɗa tsofaffin zannuwa ya rufa.

A wata unguwa ta birnin akwai wata mata, shekarunta sun haura hamsin. Sana'arta ɗinkin hannu da saƙar tabarma. Ta ɗinka wani bargo irin wanda ba a saba gani ba. In an buɗe shi, sai ka ce kanta ce cike da littattafai, hawa huɗu. Ga yadda abin ya faru.

Ubanta malami ne. Ba babban malami ba ne da ake zuwa wurinsa daga nesa. Yana da makarantar allo a zaure, kuma yana karantar da manya fiƙihu bayan la'asar. Irinsa suna da yawa a Agadas, don garin na malamai ne tun zamanin da. A wajen 1493 Shehu Suyuɗi ya rubuto wa Sarkin Agadas wasiƙa tun daga Masar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya taka garin yana saurayi, tare da malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Da malam ya rasu, ya bar adaka guda cike da littattafai. Ɗansa namiji direban kamiyo ne a hanyar Arlit. Ɗiyar kuwa an yi mata aure da wuri, ba ta wuce surorin salla ba. Sai aka tura adakar ƙarƙashin gado. Shekara da shekaru ba wanda ya buɗe ta. Kowa yana cewa kayan malam ne, ba a taɓawa. Girmamawa ce, gaskiya. Amma irin wannan girmamawa ba ta hana gara, ba ta hana ruwa.

A farkon watan Satumba na 2009, cikin azumi, aka yi ruwa mai yawa a kan duwatsu. Ƙoramar Telwa ta cika, madatsar ruwa ta ɓalle, ruwa ya shigo gari. Dubban gidaje suka rushe. An yi hasarar garake da bisashe. Gidansu na ƙasa ne, shi ma ya faɗi. Allah ya kiyaye, mutanen gidan duka suka fita lafiya. Sai bayan kwana uku aka tono adakar daga cikin laka.

Wanda ya taɓa wanke allo ya san halin tawada. Da ruwa ya taɓa ta, ta tafi. Takardun sun manne da juna kamar tuwo. Aka shanya su, amma ba abin da ya karantu. Sai aka haƙa rami a wuri mai tsarki aka binne su, yadda ake yi wa rubutu mai daraja.

Ranar nan wani maƙwabci ya zo jaje. Ya ce, "Littafi nawa ne a ciki? Waɗanne ne?" Ita da wanta suka dubi juna. Ba wanda ya sani. An sake gina ɗaki, an sayi tukwane, amma wannan tambaya ba ta bar ta ba. Wanda akuyarsa ta ɓata ya san kamarta, yana iya yin cigiya. Ita kuwa ta yi hasara, ba ta ma san sunan abin da ta rasa ba.

A 2011 ta shiga karatun manya na yaƙi da jahilci. Ana yin ajin da marece a lakwal ɗin da jikarta take karatu. A nan ta fara ganin kantar littattafai da kyau: katako hawa-hawa, littattafai a tsaye, kowane da sunansa a gadon bayansa. Da ta fara haɗa baƙi, sunayen nan take karantawa kafin a soma darasi. Wata rana malamar ajin ta nuna musu hoto a cikin salula. Bargo ne na guntayen ƙyalle, an ɗinka shi kamar kanta. Ta ce matan Amurka da na Turai suke yin irinsa, sau da yawa su ba malamin makaranta kyauta. Sauran mata suka yi dariya, suka wuce. Ita kuwa ta ce, "Malama, bari in ƙara gani."

To, a nan akwai wani abu da ta lura da shi. Littattafan ubanta ba su tsayuwa. Littafin malaman da ba a ɗinke yake ba. Warƙa-warƙa ne, ana haɗa su cikin tadarishi na fata, a ɗaure da igiya, a kwantar. Alƙur'ani kuma a sa shi cikin gafaka a rataye. Littafin boko ne yake tsayuwa a kanta. Sai ta raba bargon biyu. Hawa biyu na sama na malam ne, littattafai a kwance, wani bisa wani. Hawa biyu na ƙasa na boko ne, a tsaye. Wannan dabara ta yi mata amfani, don suna ya fi sauƙin ɗinkawa a jikin littafin da yake kwance, kuma ya fi sauƙin karantawa.

Bayan damanar 2012 ta fara tara ƙyallaye. Ta bi telolin kasuwa tana roƙon guntayen da suke zubarwa: atamfa, shadda, yadi, akoko. Wani tela ya ce, "Inna, me za ki yi da shara?" Wanta ma bai ji daɗi ba. Ya ce mutane za su ce ɗiyar malam ta koma tsintar tsumma. Ya ce zai sayo mata bargo sabo.

Ta ce, "Yaya, sabon bargo yana da sunan Risala a jikinsa?" Ya yi shiru.

Jama'a, faci ba abin kunya ba ne. An ruwaito Sayyidina Umaru yana halifa yana sa riga mai faci. Mutanen Mahadi a Sudan, a shekarun 1880, jibba mai faci ce alamarsu. A Sanagal, almajiran Shehu Ibra Fal suna sa tufafin guntaye masu launi iri-iri da gangan, kuma suna alfahari da su.

Ga yadda ta yi aikin, ko wata za ta so gwadawa. Da farko ta wanke ƙyallayen duka, ta shanya, ta goge da dutsen guga. Wannan wajibi ne. Sabon yadi yakan tsuke in ya ji ruwa, tsoho ba ya tsukewa. In aka haɗa su ba a wanke ba, wankin farko zai murɗe bargon. Sannan ta yanka kwali ya zama ma'auni. Tsawon littafi taƙi ɗaya. Kaurinsa yatsa biyu, wani uku, wani huɗu, don littattafai ba su zama daidai wa daida. Tana zana da alli, tana barin yatsa guda a kowane gefe saboda bakin ɗinki.

Inda littafi ya gaza tsawo, sai ta cika da baƙin yadi. Baƙin nan shi ne duhun cikin kanta. Shi ne yake sa littattafan su fito fili. Tsakanin hawa da hawa ta sa dogon ƙyalle mai ruwan ƙasa, ya zama katako. Tana gama hawa ɗaya, ta goge, ta ajiye, sannan ta kama na gaba. A ƙarshe ta haɗa su huɗun. Bargon ya kai mita 2 a tsawo, mita 1 da rabi a faɗi. Ta sa tsohon bargo da ya sha jiki a tsakiya don ɗumi, ta yi masa shafi da zane, ta bi duka ukun da ɗinki layi-layi don kada na tsakiya ya tattaru waje guda. Sai kalmasa.

Ɗinkin bai ba ta wuya ba, sana'arta ce. Sunayen ne suka ba ta wuya. Wanta ya tuna biyar, waɗanda ya fara kafin ya bar karatu: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala. Daga nan ya tsaya. Sai wata tsohuwa ta tuna musu da wani almajirin malam, wanda ya yi shekara goma a zauren. Yanzu ya tsufa, yana zaune a Ingal, yamma da Agadas, yana noman dabino.

Ta ce ba wanda zai rubuta mata wasiƙar. Da hannunta za ta yi. Kwana uku tana rubutawa tana gogewa, layi shida kawai. Ta ba wani direba mai zuwa Ingal. Ita ce wasiƙarta ta farko a duniya.

Bayan wata guda amsa ta zo, da ajami. Ba ta iya ajami ba, sai ta kai wa limamin unguwa ya karanta mata, ita kuma tana juyawa da boko. Tsohon ya ce shi ne yake fitar da littattafan kowane rani, ya kakkaɓe su, ya shanya a inuwa. Ya ce 22 ne, ban da Alƙur'ani. Ya lissafa tara: Muhtasar, Ishiriniya, Dala'ilu, Burda, Ajuruma, Ashafa, Muwaɗɗa, Jalalaini da Zuhudu. Sauran takwas ya ce sun kwanta masa. A cikinsu har da waɗanda malam ya rubuta da kansa, na magani da na tarihin dangi. Waɗannan ba su da na biyu a ko'ina.

Wannan shi ne ya fi zafi. Risala da Muhtasar ana sayar da su a kasuwa. Amma abin da malam ya rubuta da hannunsa ya tafi ke nan. A Yamai akwai ma'aikatar bincike ta IRSH, inda ake ajiye dubban littattafan hannu. Marigayi Bubu Hama ne ya fara tara su. Wanda yake da irin waɗannan a gida, ko bai kai su can ba, ya ɗaga su sama, ya riƙa buɗe su, ya rubuta sunansu a takarda ya ajiye a wani ɗaki dabam.

Liman bai tsaya ga karanta wasiƙa ba. Ya gaya mata Ahalari sunan mutum ne, malamin ƙasar Aljeriya. Mai Risala mutumin Ƙairawan ne a Tunisiya, ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce. Mai Muhtasar, Shehu Halilu, mutumin Masar ne. Ta yi mamaki ƙwarai. Ashe ƙasashe ne a ƙarƙashin gadonsu, suna kwana a kai ba su sani ba.

Sai ta kawo tambayar da take damunta. Ta ce, "Allah gafarta Malam, bargo ne. Za a rufa da shi, yara za su hau. Ya halatta in sa sunayen?"

Ya yi tunani. Ya ce, "Ɗiyata, kada ki sa sunan Allah, kada ki sa aya, kada ki sa sunan Annabi. Alƙur'ani ma kada ki rubuta shi. Sauran ki sa, amma a rufa da shi, kada a shimfiɗa a kwanta a kai."

Haka ta yi. A can sama ta ɗinka gafaka da jan ƙyalle, da maratayinta, ba harafi ko ɗaya a jiki. Duk wanda ya gani ya san ko mene ne. Sunaye 14 ta yi su da farin zare, baƙi bayan baƙi. Littattafai takwas ta bar su ba suna.

Abu ɗaya ne na malam da ruwa bai ci ba: rawaninsa na turkuɗi, irin wanda ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano. Yana wurin wanta. Da ya ga aikin ya yi nisa, shi da kansa ya kawo mata, ya ce ta yanka. Turkuɗi kuwa kowa ya san yana zuba, ko fatar mai sa shi yakan rina. Ta wanke shi sau da yawa har ƙyallinsa ya tafi. Da shi ta yi littattafai takwas ɗin nan marasa suna. Duk da haka ya ɗan taɓa farin zaren Risala, ya mai da shi shuɗi-shuɗi. Ta bar shi haka nan.

Hawa biyun ƙasa ba su ba ta wahala ba. Ta sa littattafan ajinsu na karatu da na lissafi, da na jikarta. Ta sa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, uku a jere, don malama tana karanta musu shi. Ta gama bargon a watan Janairu na 2013, ɗari na tsakiyarsa. Ita da jikarta suke rufa da shi. Da safe ta naɗe shi ta ɗora bisa igiya, ba ta barin shi a ƙasa.

Bayan wata biyu wata wasiƙa ta zo daga Ingal. Tsohon ya ce yana ba dabino ruwa sai ya tuna guda biyu: Maƙama, da Ihya'us Sunna na Shehu Usmanu. Ta ɗauko allura da farin zare ta sa su. Saura shida.