Kolorado: Duwatsun da Mata Suka Hau Kafin Su Kai Ga Akwatin Zaɓe

A matattakalar ginin majalisar dokokin jihar Kolorado, a birnin Denver na Amurka, akwai alamar da ke nuna cewa wanda ya tsaya a wurin yana kan tudun mil ɗaya cif daga doron teku, wato mita 1,609. Jos da muke yi wa kirarin sanyi ba ta kai haka ba. Amma a wajen mutanen Kolorado nan ne gindin tudu. Idan kika juya yamma, za ki hango jerin duwatsun Rocky sun tare sararin sama, wasunsu da rawanin ƙanƙara har cikin watan Yuni.

Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota zuwa kudu za ta kai ki wani ɗan gari mai suna Manitou Springs. Ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a wurare da dama cikin garin, yana kumfa kamar lemon kwalba, kowa na iya tara kofinsa ya sha kyauta. Ni dai na kurɓa sau ɗaya na haƙura, ɗanɗanonsa kamar an jiƙa kanwa. Daga nan ake hawa jirgin ƙasan da ke kai mutane ƙololuwar dutsen Pikes Peak, mai tsayin mita 4,302. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. Sai ki ƙiyasta.

Jirgin ya fara aiki tun 1891. A tsakiyar layinsa akwai wani ƙarfe mai haƙora, jirgin ma yana da ƙafa mai haƙora da ke cizon wancan, shi ya sa ba ya sulɓowa baya duk tsananin gangara. Tafiyar kilomita 14 ce, tana cin fiye da awa guda. Da farko kurmi ne na dogayen itatuwa da rafi yana gudu a gefe. Can wajen mita 3,500 sai itatuwan su fara gajarta suna karkacewa, iska ta tanƙware su gefe guda, daga nan sai su ƙare ɗungurungum. Abin da ya rage sai jajayen duwatsu da wata ciyawa mai manne da ƙasa. A sama numfashi yana wuya, taku goma sai mutum ya tsaya. Wadda za ta je da yara ta tafi da rigunan sanyi ko da rani ne, ta riƙa ba su ruwa a kai a kai, kuma ta zaɓi jirgin safe, domin hadari da tsawa da rana tsaka suke tasowa.

A ranar 5 ga Agusta, 1858, babu jirgi, babu hanya, wata matashiya 'yar shekara 20 ta iso wannan ƙololuwa da ƙafarta. Sunanta Julia Archibald Holmes. Ta taso ne daga garin Lawrence na Kansas tare da mijinta, cikin ayarin masu neman zinariya, kuma mafi yawan tafiyar a ƙasa ta yi ta, tana biye da amalanken shanu. Iyayenta masu adawa da cinikin bayi ne, don haka jayayya da abin da kowa ya saba ba baƙon abu ba ne a gidansu.

Abin da ya fi jawo mata surutu a ayarin shi ne kayan jikinta. Matan Turawa na lokacin dogon buje suke sawa mai jan ƙasa, ninki kan ninki, ga wata ɗamara mai matse ciki har numfashi ya yi wuya. Julia ta sa riga mai tsayawa ƙasan gwiwa da yalwataccen wando a ƙarƙashi. Da za ki ga hoton shigar yau, cewa za ki yi ai wannan riga da wando ne irin na Pakistan da 'yan matanmu ke sawa, jiki a rufe ruf. A can kuwa abin kunya aka ɗauke shi. Ta kuma nemi a sa ta cikin masu gadin dare kamar kowane namiji a ayarin, aka hana ta. Dutsen ne kawai ba wanda ya iya hana ta. Ita ce Baturiya ta farko da tarihi ya rubuta ta hau shi, kuma daga can sama ta zauna ta rubuta wa mahaifiyarta wasiƙa.

Daga baya ta koma birnin Washinton, ta yi aikin gwamnati a ofishin ilimi, ta shiga ƙungiyar masu neman a bai wa mata 'yancin zaɓe. A 1871 tana cikin matan da suka je yin rajistar zaɓe aka mayar da su. Ta rasu a 1887, ba ta taɓa jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa ba.

Idan kika durƙusa a saman dutsen cikin watan Yuli, za ki ga ashe ciyawar nan ba ciyawa kaɗai ba ce. Furanni ne ƙanana, wasu ba su kai farcen jariri ba, shuɗi da ruwan hoda da rawaya, sun dunƙule wuri guda kamar matashin kai don su tsira daga iska. Damarsu ta yin fure 'yan makonni ce a shekara, shi ya sa tsiron da bai fi tafin hannu ba zai iya girme wa mai kallonsa. Ana roƙon baƙi kada su taka. Ƙasa kaɗan, a inuwar itatuwa, akwai wani fure mai launin shuɗi da fari da ake kira kolombain. Yaran makarantun Kolorado ne suka zaɓe shi da ƙuri'a a 1891 ya zama furen jihar. Wato 'yan mata 'yan firamare sun jefa ƙuri'a a kan fure shekara biyu kafin a yarda iyayensu mata su jefa a kan gwamna.

Macen da ta san furannin nan fiye da kusan kowa a zamaninta malamar makaranta ce a Denver, Alice Eastwood. A Toronto ta Kanada aka haife ta a 1859. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara shida, ta yi 'yan shekaru a makarantar kwana ta 'yan coci, sannan a 1873 ta biyo mahaifinta Denver. Ta yi aikin raino a gidan masu kuɗi, kuma da suka tafi hutu cikin duwatsu da ita ne ta fara ganin furannin tudu. Ta gama sakandare a 1879 tana ta ɗaya a ajinsu, aka ɗauke ta koyarwa a makarantar. Ba ta je jami'a ba. Littattafan ilimin tsirrai ta saya da guminta ta koya wa kanta, duk dogon hutu kuma sai ta ɗaure kayanta ta nufi daji, wani lokaci a jirgin ƙasa, wani lokaci a kan doki, sau da yawa ita kaɗai. Ita ma sai da ta rage tsayin bujenta kafin tafiya ta yiwu.

Aikin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. A tsinko tsiro da furensa da ganyensa, in da hali har saiwa, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da katako biyu a ɗaure tamau. Kullum sai an sauya takardun da suka jiƙe, in ba haka ba ya yi fumfuna, wahalar mako ta tashi a banza. In ya bushe sai a manna shi a kan farar takarda mai kauri, a rubuta inda aka samo shi, da ranar, da sunan wanda ya samo. Wannan layi na ƙarshe shi ne abin lura. A zamanin da mace ba ta da suna a rajistar zaɓe, ga wata takarda da masana a Boston da Landan za su ɗauka su karanta sunanta a kai, su kuma dogara da abin da ta rubuta. Ba kowace ce ta samu ko wannan ba. Wata takwararta, Sara Plummer Lemmon, wadda aka sa wa wani dutse a Arizona sunanta, yawancin abin da ta tattara an rubuta shi ne da sunan mijinta, sai a ƙara da "da matarsa".

A 1887 babban masanin halittu na Ingila, Alfred Russel Wallace, ya zo Denver yana son ganin furannin tudu. Alice ce ta yi masa jagora suka hau dutsen Grays Peak, wanda ya ma ɗara Pikes Peak tsayi kaɗan. Tana da shekara 28, shi kuma ya haura 60. Ɗan abin da take tarawa daga albashi ta sa shi a filaye a Denver, garin yana bunƙasa, filayen suka yi daraja, har ta iya ajiye alli ta rungumi tsirrai gaba ɗaya. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan labarinta, ko da yake ba a cika faɗarsa ba. Jarumtaka tana da ita, amma kuɗin kanta ne ya biya jirgi da doki da takarda, shi ya kuma buga littafinta na furannin Denver a 1893.

Kafin littafin ya fito ta riga ta koma San Faransisko, inda wata masaniyar tsirrai, Katharine Brandegee, ta jawo ta aiki a Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, daga baya ta gaje ta a matsayin mai kula da taskar tsirrai. A nan ta yi abin da ya sa ake tunawa da ita. Duk sabon nau'in tsiro da aka gano, akwai samfuri guda na asali da aka dogara da shi wajen raɗa masa suna. In ya ɓata, ba shi da madadi. Alice ta ware waɗannan ta ajiye su wuri guda, saɓanin yadda aka saba. Ranar 18 ga Afrilu, 1906, girgizar ƙasa ta afka wa birnin, gobara ta biyo baya. Ta iso ginin ta tarar matattakalar ta rushe, sai ƙarfen dafawa na gefe ya rage. Shi ta bi ta hau har hawa na shida tare da wani abokinta, suka ɗaure samfuran suka zuro su ƙasa da igiya. Kusan 1,500 suka tsira. Sauran taskar ta ƙone ƙurmus, gidan da take zaune ma haka. Ta dawo ta sake gina taskar daga tushe, ba ta yi ritaya ba sai 1949 tana da shekara 90.

A Kolorado da ta baro kuwa, magana ta yi zafi. An taɓa tambayar maza a 1877 ko sun yarda mata su yi zaɓe, kusan biyu cikin uku suka ce a'a. A 1893 aka sake tambaya, a shekarar da farashin azurfa ya faɗi warwas, ramukan haƙar ma'adinai suka rufe, dubban magidanta suka cika Denver ba aikin yi. Mutane sun ƙosa da tsofaffin jam'iyyu. Matan suka karanci lokacin. Wata 'yar jarida, Ellis Meredith, ta riƙa rubutu ba ƙaƙƙautawa. Elizabeth Ensley, malama baƙar fata, ita ce ma'ajin ƙungiyar, kuma ta shiga unguwannin baƙaƙe tana lallashin maza. Carrie Chapman Catt ta zo daga gabas ta bi garuruwan ma'adinai ɗaya bayan ɗaya tana jawabi. Suka haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago, da manoma, da matan da ke yaƙi da shan giya, waɗanda suka gaji da ganin albashin gida yana ƙarewa a mashaya.

Ranar 7 ga Nuwamba aka kaɗa ƙuri'a, kashi 55 cikin ɗari suka amince. Yankin Wyoming da ke maƙwabtaka ya riga su tun 1869, amma can 'yan majalisa ne suka yi doka. Kolorado ce jiha ta farko da talakawa maza da kansu suka je rumfa suka ce a ba mata. Shekara guda bayan haka aka zaɓi mata uku zuwa majalisar jihar, Clara Cressingham da Carrie Holly da Frances Klock, na farko a duk Amurka. Matan Kalifoniya sai 1911, ƙasar baki ɗaya sai 1920. Mu a Arewacin Najeriya sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan wannan magana. Da yawa cikinmu iyayenmu mata sun riga sun yi aure kafin doka ta san da ƙuri'arsu.

Akwai abin da mai bayani a jirgin zai iya ambata a gurguje ya wuce. Dutsen yana da suna tun kafin a haifi Zebulon Pike, sojan da ya yi yunƙurin hawansa a 1806 ya kasa amma aka laƙaba masa sunansa. Mutanen Ute, 'yan asalin ƙasar, Tava suke ce masa, wato rana. Dajin da Turawa ke kira sabuwar ƙasa gidan wasu ne. Matan Ute sun san wace saiwa ce maganin tari, wane ɓawon itace ake ci lokacin yunwa, kuma har yau a dazukan yammacin dutsen akwai tsofaffin itatuwa masu tabon inda suka ɓare. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a takardar samfuri ba. Zinariyar da ta kawo ayarin su Julia ita ce ta jawo ambaliyar baƙin da suka ture su. A 1881 sojoji suka tasa ƙeyar mutanen Ute na wannan reshe zuwa busasshiyar ƙasa a Utah. Shekara takwas bayan haka Alice tana tsinkar furanni a kudu maso yammacin jihar, hanya ta buɗe.

Cikin waɗanda aka kora akwai Chipeta, matar sarkinsu Ouray, wadda ta raka shi har Washinton a 1880 neman sulhu. Ƙuri'ar 1893 ba ta shafe ta ba, ta 1920 ma haka, domin doka ba ta ɗauke ta 'yar ƙasa ba. Sai a watan Yunin 1924 majalisar Amurka ta amince duk 'yan asalin ƙasar 'yan ƙasa ne. Chipeta ta rasu a watan Agustan shekarar, a Utah, idonta ya riga ya tafi. A 1925 aka dawo da gawarta Kolorado. Kabarinta yana garin Montrose, tafiyar kamar awa biyar a mota yamma da Pikes Peak, a harabar gidan tarihin mutanen Ute da aka gina a kan gonar da ta taɓa zama tata da mijinta. A gefensa akwai ɗan lambu na tsirran da mutanenta suke ci suke magani da su.