Tsohuwar Bashe da Mai Zubin Tukwane

Duk wanda ya saba bin kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Tasawa da Damagaram ya san Cadawa, ya kuma san irin motocin da ke cika tasharta ranar kasuwa. Cikinsu akwai wata Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira bashe a Nijar. Mai ita dattijo ne da ya haura saba'in, kuma ba sha'awar kayan tarihi ta sa yake riƙe da ita ba. Buhunan aya da wake da gero take kwasowa daga ƙauyukan Agye da Gazawa, abin da ta samo shi ake ci a gidansa. A 1960 aka fara ƙera irinta a Faransa, masana'antar Kenya da ta yi saura tana harhaɗa ta kuwa ta daina a 1991. Ke nan ko autar irin wannan mota ta ba shekara talatin baya.

Abin da ya ajiye ta a ƙarshen 2023 bai kai tafin hannu ba: wata ƴar gwiwa ce ta sanholama da ke haɗa tiyon lagireto da kan inji. Ruwan rijiya da aka yi shekara da shekaru ana ɗura wa motar ya cinye ta daga ciki har wuyanta ya zama kamar rariya. Bakanike ya liƙe sau biyu, gam ya ƙi riƙewa. Aka duba Maraɗi ba a dace ba, aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, a lokacin da iyaka ke rufe tun bayan juyin mulkin Yuli na shekarar. Da saƙon ya iso bayan makonni, sai ga ta kwance, wadda wani ruwan rijiyar ya riga ya ci rabonsa.

Dattijo ya nufi wurin mai zubin tukwane, abokinsa tun ƙuruciya. Sana'ar nan ta cancanci a tsaya kanta, domin ita ta daɗe tana raya motocin da masu ƙera su suka manta da su. Mai zubi yakan danna abin da ake son kwaikwaya cikin yashi mai danshi a akwati biyu, ya zare shi a hankali, ya bar gurbinsa. Sa'an nan ya narkar da tsofaffin fistan da gwangwanaye a kan gawayi, har wuta ta kai awo 660 inda sanholama ke zama ruwa, ya kwarara cikin gurbin. Sai dai yashi ba ya ƙarya, ba ya kuma gyara. Duk ramin da ke jikin tsohuwar gwiwa zai fito jikin sabuwa, ga shi kuma ƙarfen yakan tsuke da kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari idan ya huce. Wanda ya kwafi littafi daga kwafin da gara ta ci ya san wannan ciwo: kuskuren wancan ya gada, nasa ya ƙara. Gwiwar da aka zuba ta fito tsaf a ido, amma ramukan noti suka ƙi haɗuwa da na inji.

Ana cikin haka jikan dattijon, ɗalibi a jami'ar Maraɗi, ya zo hutu da labari a wayarsa. Ya nuna wa kakansa wata na'ura da ke narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi layi bisa layi, kamar yadda magini ke ɗora laka zagaye bisa zagaye har rumbu ya tashi. Ba ta sassaƙa, ba ta zubi. Zanen da ke cikin kwamfuta take bi. Dabarar ta samo asali a Amurka cikin shekarun 1980, amma sai da wa'adin haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2009 kuɗinta ya sauko har ƙananan masu sana'a suka iya saye. A 2013 wani matashi a Lome, Afate Gnikou, ya harhaɗa irinta da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. A 2018 kuma kamfanin Porsche ya sanar cewa da ɗab'in garin ƙarfe yake yin wani hannun kulocin motarsa 959.

Labarin Porsche bai burge dattijon ba, kuma yana da gaskiyarsa. Can ana ɗab'i ne domin motar da ke kwana a ɗaki a lulluɓe, nan kuwa domin wadda za ta ɗauki buhu goma sha biyar ta ratsa rairayi. "Kai dai, miji na ƙarya," in ji kakar yaron daga bakin murhu, "in ka tashe ta, ka ci tuwon dare." Yaron ya yi dariya ya ce, "Tsoho, ba ni kwana goma."

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne awo, kuma nan ne amfanin na'urar ya fito. Yaron bai auna ruɓaɓɓiyar gwiwa ba. Fuskar injin ya auna, inda ramukan noti ke nan yadda aka huda su tun farko, kauri da lanƙwasar wuya kuma kakansa ya faɗa masa daga abin da hannunsa ya sani. Ya zana, ya tura wa wani abokinsa mai ƙaramar na'ura a Kano ta WhatsApp. Zanen ya ƙetare iyaka ba tare da ya gaisa da ɗan duwan ba. Da aka buɗe hanya a Maris na 2024, wani direba ya kawo gwiwar roba fara fat cikin leda.

Dattijo ya juya ta a hannu, bai ce uffan ba, ya ɗora ta bayan gilashin mota ya kulle ƙofa. Watan Afirilu ne. Da la'asar aka same ta ta karkace kamar ganyen kabewa. Robar da ƙananan na'urorin nan suka fi amfani da ita tana laushi tun daga awo 60, ruwan inji kuwa yakan haura 80. Akwai masu juriya fiye da ita, amma sun fi tsada da wuyar aiki, masu ɗab'in ƙarfe kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin duk garejin da ke tsakanin Cadawa da Gidan Rumji. Yaron ya yi tagumi.

Mai zubi ne ya karɓi karkatacciyar robar, ya daɗe yana shafa gefenta da babban yatsa. Tun da ya fara sana'a bai taɓa riƙe samfurin kayan mota da bai tsufa ba. "Ɗana," ya ce, "wannan ba ta inji ba ce, tawa ce. Ka ce a sake yi, a ƙara mata girma kaɗan saboda tsukewa, cikin kuma a raba ta biyu don in sami fitar da zuciyar yashi. Kada kuma kakanka ya sake shanya ta." Ƙarin girman da shi zai yi kwanaki yana lalube da kakin zuma, yaron ya yi shi da canza lamba ɗaya.

Ta biyu ta iso a nannaɗe cikin tsumma. Aka danna ta a yashi da sassafe, aka zuba kafin hantsi. Bakanike ya shimfiɗa takardar yashi kan gilashi ya goge fuskar har ta daidaita, ya yanka gasket daga kwali, notuna suka shiga ba gardama. Dattijon ya biya mai zubi, ya biya kuɗin roba da na direba, ya kuma karɓe samfurin ya sa a gwangwanin da yake ajiye takardun mota, ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Kafin sati ya zagayo, wani mai 404 daga Gazawa ya yi sallama a ƙofar gida yana tambayar ko za a ara masa.